Haruffa Huɗu a Rajistar Nizam

Da izininsa nake ba da wannan labari, bisa sharaɗin ba zan faɗi sunansa ko na ƙauyensu ba. Zan kira shi Bhai, wato ɗan'uwa, kamar yadda muke kiran juna a shekaru biyun da muka yi a ɗaki ɗaya a birnin Pune na jihar Maharashtra, muna digiri na biyu a fannin injiniya. Rayuwar tasa ce. Nawa ido ne da kunne, sai kuma takardun da ya bar ni na duba ɗaya bayan ɗaya.

Takardun suna cikin wata jakar roba shuɗiya da yake turawa ƙarƙashin katifa, in damina ta kama ya ƙara mata leda biyu. A ciki akwai wadda ya fi ji da ita fiye da shaidar digirinsa: kwafin shafi ɗaya na tsohuwar rajistar haihuwa da mutuwa ta ƙauyensu, da rubutun Urdu, tun lokacin da yankin Marathwada yake hannun Nizam, sarkin Haidarabad, wanda mulkinsa ya ƙare a 1948. Shi ba ya karanta Urdu. Ranar da ya nuna mini, karatun allo ya yi rana, don na iya haɗa baƙaƙen da ke gidan da ake rubuta asalin mutum: mim, ha, alif, ra. Mahar. A kan haruffan nan huɗu karatunsa da aikinsa da karatun ƙanwarsa suka rataya.

Mahar sunan jati ne. A Indiya cikin jati ake haifar mutum, cikinta yake aure, cikinta yake mutuwa, kuma dubbai ne, wasu a sama wasu a ƙasa. Wanda ya san yadda wasu gidaje a ƙasar Hausa ke ƙin ba ɗan mahauta ko ɗan maroƙa aure ya kama bakin zaren, amma bakin zaren kawai. Mahauci a Kano yana shiga sahu kafaɗa da kafaɗa da attajiri, ya sha ruwa a moɗa ɗaya da shi. Kakan Bhai kuwa taɓa shi ma ƙazanta ne a idon mutanen gari. Unguwarsu a bayan gari take, ana ce mata Maharwada. Aikinsu na gado gadin gari, kai saƙo, shara, kai itace wurin ƙona gawa, da jan mushen shanu a fitar da shi. Ladan shi ne ɗan kason hatsi a kaka, da ragowar bhakri, gurasar dawa, da ake bi gida-gida a karɓa daga nesa. Rijiyar gari ba tasu ba ce.

Daga cikin Mahar ɗin nan Bhimrao Ambedkar ya fito, wanda aka haifa a 1891. A makaranta a kan buhu yake zama gefe guda, kuma ba ya shan ruwa sai masinja ya tsiyaya masa daga sama. Ranar da masinja bai zo ba, ranar ƙishirwa ce. A 1927 ya ja dubban mutane zuwa tafkin Chavdar a garin Mahad suka sha ruwa a bainar jama'a. A 1932, bayan Gandhi ya shiga azumin ƙin cin abinci a kurkukun Yerwada, nan cikin Pune, aka ƙulla yarjejeniyar da ta keɓe wa mutanensa kujeru 148 a majalisun larduna. Shi ya shugabanci kwamitin rubuta kundin tsarin mulkin da ya fara aiki ranar 26 ga Janairun 1950, wanda sashe na 17 nasa ya haramta ƙyamar taɓa mutum, sashe na 16 kuma ya ba da damar keɓe gurabun aiki. Na makarantu sai a 1951 aka ƙara, bayan kotu ta rushe tsarin rabon gurabun makarantu na jihar Madras.

A yau lissafin keɓaɓɓun gurabu na gwamnatin tarayya, a aikinta da manyan makarantunta, haka yake. Kashi 15 cikin 100 na jatin da aka jera a doka ne, ana kiran su SC, su ne Dalit. Kashi 7.5 na ƙabilun da aka jera, ST, wato Adivasi. Kashi 27 na OBC, sauran al'ummomin da aka bari a baya, irin su makiyaya, masaƙa, wanzamai da ƙananan manoma. Kashi 10 na EWS, talakawan manyan jati, wanda aka ƙaro a Janairun 2019. Jimla 59.5. Biyun farko sun yi kusa da yawan jama'ar, don ƙidayar 2011 ta ba SC kashi 16.6, ST kashi 8.6. Na OBC da jini ya zo: hukumar Mandal ta ba da shawarar a 1980, Firayim Minista V. P. Singh ya zartar a 1990, ɗalibai suka cika tituna har wani ya cinna wa kansa wuta a Delhi. A 1992 alƙalai tara na Kotun Ƙoli suka amince da shi a shari'ar Indra Sawhney, da sharuɗɗa biyu: kada keɓaɓɓen kaso ya wuce rabi (na EWS daga baya aka ɗora shi a kai), kuma a cire waɗanda suka taso sama kamar maiƙo a kan nono daga cikin OBC. Ma'aunin maiƙon, tun 2017, kuɗin shiga rupi 800,000 ne a shekara, ko babban muƙamin uba ko uwa a gwamnati. Kowace jiha kuma da nata lissafin. Tamil Nadu tana kan kashi 69. Maharashtra tana ba SC kashi 13.

Ɗan Najeriya ba baƙo ba ne ga irin wannan. Mun san rabon gurabun jami'o'in tarayya na kashi 45 ga maki, 35 ga jihohin da ke kewaye, 20 ga jihohin da aka bari a baya a boko, mun kuma san rigimar takardar shaidar ƙaramar hukuma. Bambancin, namu na jiha ne, nasu na jini. Kai za ka nuna inda aka haifi ubanka. Shi sai ya nuna yadda aka wulaƙanta kakansa, kuma a rubuce.

Ranar 14 ga Oktoban 1956 Ambedkar ya bar addinin Hindu ya shiga na Buddha a Nagpur tare da dubban ɗaruruwan mabiya. Kakan Bhai bai je Nagpur ba, amma guguwar ta iske shi a ƙauye. Ya daina jan mushe, ya fitar da gumakan gidansa, gaisuwarsu ta koma "Jai Bhim". Mutanen gari suka rama da hana su ƙwadago a gonaki na tsawon lokaci. Akwai kuma wani farashin da bai sani ba. Dokar shugaban ƙasa ta 1950 ta ce mabiyin Hindu kaɗai zai zama SC. An ƙara Sikh a 1956, amma mabiya Buddha sai 1990. Shekara 34 ke nan 'ya'yan waɗanda suka bi Ambedkar ba sa cikin kason tarayya, sai abin da jiharsu ta ba su. Har gobe Dalit ɗin da ya musulunta ko ya zama Kirista ba ya cikin SC, ko da shara yake yi kamar kakansa. In ya dace a sa jatinsa cikin OBC. Ga ST kuwa babu ruwan doka da addini.

Mahaifin Bhai a aji huɗu ya tsaya. Sana'arsa saran rake, kamar dubban mutanen Marathwada. Miji da mata ake ɗauka a matsayin ma'aikaci ɗaya, ana kiran su koyta, da sunan addar da suke sara da ita. Ɗan kwangila, wanda suke kira mukadam, yana ba su kafin alƙalami da damina, sunansa uchal. Bayan bikin Diwali a loda su a tirela zuwa gonakin kamfanonin sukari, sai wajen Maris ko Afrilu su dawo, sau da yawa da sauran bashi a wuya. Yaran da ke bin iyaye rabin shekarar karatu suke rasawa. Bhai ya bi su kaka biyu, aka maimaita masa aji. Daga nan kakarsa ta ce yaron nan ba inda za shi, ko ruwa da barkono za su ci tare. Abin da ya bambanta shi da 'yan'uwansa ke nan, kuma babu dokar da ta tanadi kaka.

Yanzu ga maganar takardu, inda mafi yawan mutane ke faɗuwa.

A Maharashtra takarda biyu ce, kuma mutanen ƙauye da yawa ɗaya suka sani. Ta farko shaidar jati ce, daga ofishin jami'in yanki. Wannan ba ta cika wuya ba. Bhai ya samu tasa yana aji goma, an rubuta Mahar, lamba 37 a jerin jihar. Ta biyu ita ce shaidar inganci, wadda wani kwamiti na daban ke bayarwa bayan ya binciki ta farkon. Dalilinta jabu. Mutane sun daɗe suna sayen takarda, ko su yi amfani da kamannin suna tsakanin jatinsu da wata ƙabila su cinye gurbi. A 1994, a shari'ar Madhuri Patil, Kotun Ƙoli ta umarci a kafa kwamitocin tantancewa, jihar ta yi dokarta a 2000, a 2017 kuma kotun ta ce wanda aka kama da ta jabu zai rasa digiri da aikin gaba ɗaya, komai daɗewarsa. Ba a shiga karatun injiniya ko likita a keɓaɓɓen gurbi sai da ta biyun.

Abin da kwamitin ke nema shi ne hujjar cewa gidanku na wannan jati ne, kuma mazauna jihar ne, kafin wata rana da aka yanke. Ga SC ranar ita ce 10 ga Agustan 1950. Ga ST 6 ga Satumban 1950. Ga OBC 13 ga Oktoban 1967. Ta wajen uba ake bi, dangin uwa ba sa shiga. Fayil ɗin yana ɗauke da takardar barin makarantar ɗalibi, ta ubansa, ta kakansa ko ƙanin kakan in akwai, takardar rantsuwa mai jera nasaba daga kakan kaka zuwa mai nema, sai duk wata tsohuwar shaida ta gwamnati da aka rubuta jati a ciki: rajistar haihuwa, takardar gona, littafin haraji. Kwafin shago ba ya wucewa. Sai wanda ofishin da ke riƙe da asalin ya buga wa hatimi.

A nan gizo ke saƙar. Ana neman takardar makarantar kaka daga mutanen da aka hana kakansu shiga makaranta, da takardar gona daga waɗanda ba su da gona. Kakan Bhai bai taɓa zama a aji ba. Takardar mahaifinsa ta bayan 1950 ce, kuma a gidan jati malamin ya rubuta "Bauddha", wato mabiyin Buddha, domin haka kakan ya faɗa da alfahari ranar da ya kai ɗansa. Bauddha addini ne, ba ya cikin jerin jati. Kwamitin yana son abin da zai nuna me suke kafin su tuba. Babu.

Kuskuren Bhai na farko shi ne jinkiri. Ya kamata fayil ya shiga ta hannun shugaban makaranta tun farkon aji goma sha biyu, ko ma sha ɗaya. Shi sai da ya rubuta jarrabawar shiga ta jiha sannan ya ji labarin takarda ta biyu. Ƙa'ida ta ba kwamiti wata uku, amma agogon yana tsayawa duk lokacin da aka ce fayil bai cika ba. Ya ci jarrabawar, aka ba shi gurbi a zagayen farko na rabon, ya nuna rasit ɗin cewa ya nema, aka karɓe shi na wucin gadi zuwa wani wa'adi. Wa'adin ya cika babu takarda. Wanda hakan ta same shi ana mayar da shi layin kowa da kowa, in makinsa ya kai, ya biya cikakken kuɗin makaranta. Makin nasa ya kai a wata kwalejin kuɗi, kuɗin kuwa ya doshi duk uchal ɗin da iyayensa ke karɓa a kaka guda. Ya tattara ya koma gida. Shekarar ta tafi.

Wata biyar ya yi yana zarya zuwa ɗakin ajiyar takardu na hedkwatar gundumarsu. Daurin takardu ne a cikin jan ƙyalle, wasu da rubutun Modi, tsohon rubutun Marathi, harshen jihar, da 'yan zamani ba sa iya karantawa, wasu da Urdu, harshen mulkin Nizam. Wani dattijo Musulmi, tsohon akawu da ke zama a bakin ofishin yana rubuta wa mutane takardun koke, shi ya zauna da shi suna buɗe shafi-shafi. Suka sami layin da mai gadin gari ya kai rahoton haihuwar ɗa namiji a gidan kakan mahaifinsa. Jaririn shi ne kakan Bhai. Ga sunan uba, ga haruffa huɗun.

Ko da hakan ba a gama ba. Sai da aka kai wa mai fassara da hukuma ta yarda da shi. Sannan sunan da akawun Nizam ya rubuta ya sha bamban kaɗan da wanda ke cikin takardar nasaba, don rubutun Urdu ba ya nuna gajerun wasula, kamar dai ajami marar wasali, sai aka ƙara wata rantsuwar cewa mutum ɗaya ne. Daga nan kwamiti ya tura sashensa na bincike, wanda 'yan sanda ke ciki. Jami'in ya je ya ga asalin rajistar da idonsa, yana duba ko tawadar layin ta bambanta da ta maƙwabtansa, ko an kankare an sake rubutu, ko an cusa layin a ƙasan shafi. Ya je ƙauyen ya ɗauki bayanin dattawa. Bhai ya ce yana tsaye wani tsoho daga gidan masu gari ya ce wa jami'in, ai kowa ya san su, kakansa ne ke jan mushen shanunmu. Jami'in ya rubuta, tsohon ya sa hannu. Bhai ya ce bai san ko ya gode masa ba ko ya tofa masa yawu. Bayan wata biyu takardar ta fito.

Abin da ya koya a wahalce yakan karanta wa duk yaron da ya zo wurinsa. Takardar jiha daban, ta tarayya daban. Makarantun tarayya suna da nasu fasalin, kuma akwai jatin da ke cikin jerin OBC na jiha amma ba ta cikin na tarayya. Ɗan OBC sai ya sabunta shaidar cewa ba ya cikin masu maiƙo, kuma yawanci ana son wadda aka bayar daga 1 ga Afrilun shekarar neman. Ta bara ba ta aiki. Wanda iyayensa suka yi ƙaura zuwa wata jiha ba shi da kaso a gurabun sabuwar jihar, sai dai na tarayya. Matar da ta auri Dalit ba ta zama SC da auren. Sannan wa'adi ba ya jin roƙo. A 2024 wani ɗan Dalit daga Muzaffarnagar, ɗan mai aikin ƙwadago, ya ci gurbi a IIT ta Dhanbad, ɗaya daga manyan cibiyoyin fasaha na ƙasar, ya rasa shi saboda rupi 17,500 na karɓar gurbi ba su haɗu ba sai mintuna kaɗan kafin a rufe shafin. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki aka mayar masa. Nawa ne za su iya kaiwa Kotun Ƙoli?

Shekara ta biyu Bhai ya shiga kwalejin gwamnati. Akwai tallafin karatu na bayan sakandare ga ɗan SC da kuɗin shigar gidansu bai wuce rupi 250,000 a shekara ba. Tun ƙarshen 2020 tarayya ke biyan kashi 60, jiha 40. A takarda yana biyan kuɗin makaranta da ɗan na abinci. A aikace yakan zo bayan an gama zangon, wani lokaci bayan shekara. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin sunan da ke katin shaida na Aadhaar da na asusun banki, kuɗi ya maƙale. An manta sabunta nema a farkon shekara, ta wuce. Shi da dare yake koyar da 'yan sakandare lissafi don ya ci abinci, kuma bayan ya gama sai da ya jira watanni kafin a sakar masa takardunsa na asali, wai sai gwamnati ta biya bashinta.

Shekarar farko ta fi kowacce zafi. Da Marathi ya yi karatu tun daga aji ɗaya, ga lacca da Ingilishi. Ya faɗi darasi biyu. Tambaya biyu ake yi wa sabon ɗalibi a hostal: sunan gidanku, da lambar da ka zo a jarrabawar shiga. Ta farko tana nuna jati, ta biyu tana nuna ko ta kaso ka shigo. In lambarka ta yi nisa da ta sauran, an gane, kuma daga ranar duk kuskurenka a aji na jatinku ne gaba ɗaya. Abin da masu gorin ba sa faɗa shi ne sassaucin a bakin ƙofa ya tsaya. Jarrabawar fita ɗaya ce, makin ci ɗaya ne. Ba kowa ke jurewa ba. Rohith Vemula, ɗalibin digiri na uku a Haidarabad, ya kashe kansa a Janairun 2016; Dakta Payal Tadvi, likita 'yar Adivasi, a Mumbai a Mayun 2019. Iyayensu mata sun haɗu sun shigar da ƙara a Kotun Ƙoli suna neman a tilasta wa jami'o'i magance wariyar jati. Hotunan su biyun suna manne a bangon ɗakinmu, ƙarƙashin na Ambedkar.

Burinsa koyarwa, kuma a nan ya haɗu da abin da ake kira rosta. Mutane suna zaton in an tallata gurabe goma sai a yanka kashi 15 a bayar. Ba haka ake yi ba. Kowace ma'aikata tana da littafi mai jera kujeru da lamba, kowace lamba da mai ita. Raba 100 da 27, ya ba ka kusan huɗu, don haka kujera ta 4 ce ta farko ga OBC. Raba da 15, ta 7 ce ta SC. Ta 10 ta EWS. Raba da 7.5, ta 14 ce ta ST. In jami'a gaba ɗaya ce ma'auni, da littafi mai lamba 200, kowa zai samu rabonsa. In kuwa kowane sashe ne da littafinsa, sashen da malamansa biyar ne zai yi shekaru aru-aru bai kai lamba 7 ba, balle 14. Abin da hukuncin Babbar Kotun Allahabad na 2017 ya jawo ke nan, aka ga tallan aiki da babu gurbin ST ko ɗaya, aka yi zanga-zanga, sai a 2019 gwamnati ta yi doka ta mayar da jami'a gaba ɗaya ma'auni.

Ko gurbin ya fito, akwai wata ƙofar baya. Kwamitin ganawa yana da ikon rubuta cewa ba a sami wanda ya dace ba. Sau biyu Bhai ya je ganawar keɓaɓɓen gurbi a wata cibiya da ba zan ambata ba, su kusan goma duk da takardun da aka nema, sau biyu sakamako ya fito ba a ɗauki kowa ba. Doka ta hana a ba wani kujerar kai tsaye, sai ta zauna fanko a jerin bashi, a ɗauki malamin wucin gadi ya yi aikin, shi kuwa wucin gadi ba a cika bin rosta a kansa ba. Ni a ganina wannan ta fi takardar jabu ɓarna, don ita babu wanda za a kama.

Ya haƙura ya rubuta jarrabawar aikin injiniya ta tarayya. Iyakar shekaru 30 ce, ana ƙara wa SC da ST biyar, OBC uku. Ya ci, kuma makinsa ya haura na mutum na ƙarshe da aka ɗauka a layin kowa da kowa. Ƙa'ida ta ce irin wannan a lissafa shi a buɗaɗɗen gurbi, keɓaɓɓen ya tafi ga na bayansa, amma da sharaɗin bai ci wani sassauci ba. Bhai ya haura 30 da wata bakwai. Shekarar rake da shekarar takarda su suka biyo shi. Aka sa shi a gurbin SC, wani ɗan Dalit da ke ƙasansa a jeri ya rasa, a ofis kuma har yau akwai masu ce masa ɗan kaso a bayan ido. Da ya je neman hayar gida a garin da aka tura shi, masu gida uku suka tambayi sunan gidansu, suka ce an riga an kama. Na huɗu bai tambaya ba.

Albashinsa na shekarar farko a kan bashin mukadam ya ƙare, iyayensa suka ajiye adda. Fayil ɗin ƙanwarsa bai yi wata biyu ba, domin in ɗan'uwa na jini ta wajen uba yana da shaidar inganci, a kanta ake ɗorawa. 'Ya'yan baffanninsa huɗu sun bi ta kan takardar nan tasa.

Shi da kansa yake kawo maganar da ke ci masa rai. Keɓaɓɓen kaso bai shafi kamfanoni masu zaman kansu ba, bai shafi soja ko manyan alƙalai ba, gwamnati kuma kullum ƙara miƙa ayyuka take ga 'yan kwangila. Ɗan abin da ya rage ma ba daidai ake cinsa ba. Hukumar Rohini da aka kafa a 2017 ta gano kusan kashi 97 na gurabun OBC na tarayya sun tafi ga rubu'in al'ummomin da ke jerin, kusan dubu kuma ba su sami ko ɗaya ba. A cikin SC na Maharashtra, Mahar, da suka rungumi boko tun zamanin Ambedkar, sun yi wa Mang nisa, su da sana'arsu ta gado tufkar igiya da kiɗa. Ranar 1 ga Agustan 2024 alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli, shida da ɗaya, suka ce jiha tana iya rarraba kason SC gida-gida don na can ƙasa su samu, wasu daga cikinsu har suka ce a duba cire masu maiƙo. Ƙungiyoyin Dalit da dama suka kira yajin aiki, suna ganin dabara ce ta raba kansu. Bhai yana goyon bayan rarrabawar, abin da ya haɗa shi faɗa da abokansa. A kan cire masu maiƙo kuwa ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Yanzu yana da 'ya. Ya ce ba za ta san yunwa ba, amma masu gidan haya uku ɗin nan ba albashinsa suka tambaya ba. Bai nema mata shaidar jati ba tukuna, bai kuma ce ba zai nema ba.

Saƙonsa na baya-bayan nan a kan wani yaro ne ɗan Mang, maƙwabcinsu a bayan gari, wanda ya ci jarrabawar shiga karatun likita. Bhai ya ɗauki hutun kwana uku ya koma ɗakin ajiyar nan da yaron. Dattijon akawu ya rasu, sai wani malamin makarantar Urdu suka ɗauko. Sun sami ɗaurin shekarun da suke nema, jan ƙyallen na nan yadda yake, amma gara ta cinye gefen dama na shafuka kusan talatin, gefen da sunaye suke. Gidan jati ya tsira, ana karanta Mang, Mang, Mahar, Mang, ba a san na wane ne ba. Saura kwana goma sha tara wa'adin yaron ya cika, kuma an ce musu wataƙila akwai kwafi na biyu a hedkwatar lardi. Ranar Litinin za su kama motar asuba.